Hanyar da Aka Yi wa Daɓe

Tun da na dawo daga Tsafe ba a bar ni na sha ruwa da sanyin rai ba. In je masallaci, a tare ni a bakin ƙofa. In je kasuwa, mai awo ya riƙe mudu a sama ya ƙi aunawa sai na gaya masa yadda cikin mota yake. Har Inna Delu, da ba ta jin kiran salla sai an taɓa ta, ta sa aka kira ni wai in faɗa mata ko gaskiya ne mota tana shan ruwa kamar doki. To, na gaji. Zan faɗa sau ɗaya tun daga farko, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Ku fara sanin cewa ba ganin duniya ya fitar da ni daga Bungudu ba. Ƙanena Nomau ne ya hau rumbu yana gyaran jinka bayan ruwan fari, itacen da ya taka a jiƙe yake, ya zame ya faɗo, ƙashin cinyarsa ta dama ya karye. Maɗorin garinmu ya rasu bara, ɗansa kuma da ya kamata ya gaje shi ya bi masu aikin reluwe, ba wanda ya san inda yake. Wanzaminmu ya zo ya duba, ya ce wannan ba aikin aska ba ne, a je Tsafe a ɗauko wani tsohon maɗori da ake kira Baba Jatau. Ya kuma ja kunnena da in yi sauri, don in ƙashi ya daɗe a karkace, a haka zai kama, mutum ya rabu da tafiya daidai ke nan. Nomau manomi ne mai 'ya'ya ƙanana, kuma damina ce ta kama. Na ɗaura wa jakina akumari, na bar shi yana nishi a kan tabarma.

Rabona da Gusau da daɗewa, sai na tarar garin ya zama wani abu dabam. Baƙi ko'ina, wasu da wando tsukakke, wasu da harshen da ban taɓa ji ba, duk aikin reluwen nan ya tara su. Abin da ya fi ba ni haushi gaisuwarsu. Na tsayar da wani don in tambayi gidan fatoma, na fara da lafiya, na tambayi gajiya, ban kai ga iyali ba na ɗaga kai na ga ƙeyarsa can gaba. A Bungudu ko da mutumin da kuke shari'a kuka haɗu, sai kun gama gaisawa kafin ku ci gaba da gaba.

Na dai samu masaukin. Fatoman ya nuna mini wata mata 'yar kudu mai sayar da abinci a bakin zaure. Ta miƙo mini wani curi na garin rogo mai tsami, da miya ja wur, manja yana yawo a kai. Na ce ko akwai miyar sure, ta dube ni ta ƙyalƙyale da dariya har tana kiran maƙwabciyarta. Na ci don yunwa, barkono ya bi ni har kunne. Ɗakin kuwa na kuɗin-cizo ne, ni baƙo ne kawai a cikinsa. Da safe na fito na tarar jakina ya cinye rabin zanar fatoma, muka yi ta cacar baki, shi yana cewa jakin ƙauye ba shi da tarbiyya, ni ina cewa wanda ya ɗaure jaki kusa da zana shi ya gayyace shi. Sai da rana ta ɗaga na samu na fita garin.

Na bi hanyar mota, don ta fi miƙewa. Na wuce dutsen Kwatarkwashi, na yi ta tafiya, ba abin da nake gani a gabana sai fuskar Nomau. Can wajen iyakar ƙasar Tsafe akwai wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, don ina da surukai kusa da wurin. Tun daga nesa na jiyo waƙar mata da bugu, dum, dum, dum, na ɗauka biki ake. Da na matso sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Mata ne cike da hanya, kowace a durƙushe da madaɓi a hannu, suna yi wa hanyar mota daɓe.

Wani dogari ya sha gabana da sanda, ya ce jaki ba zai taka nan ba. Na tambaye shi dalili. Ya ce an aiko wa mai garinsu cewa wani babban Bature zai wuce a mota, a gyara hanya ta yi kyau. Mai gari ya zauna da dattawa, suka ga ba wata ƙasa mai kyau da suka sani da ta wuce daɓen ɗaki, sai aka tara matan gari. Kuma wallahi sun yi aiki. Sun zuba tsakuwa, sun buge ta, suna yayyafa ruwan makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa, suna sake bugu, har hanyar ta yi sumul tana ƙyalli. Sannan suka tayar da ƙasa a gefe da gefe, suka shafe kamar bakin dakali, don a ga tsari. Wurin kwari ne, kuma aikin ya yi tsawo, daga wata kuka har zuwa wata babbar tsamiya can ƙasa.

Na gaya wa dogarin ina da mai karaya a gida. Ya ce Allah ya ba shi lafiya, amma umarnin mai gari shi ne duk namijin da ya biyo sai ya ɗebo ruwa kafin ya wuce. Haka na ajiye girmana na ɗauki tulu na yi ta safa zuwa rafi, matan suna sa ni a waƙa, wai ga baƙo mai gemu ya zo aikin amarya. Wata tsohuwa da ke shugabantarsu ta kama hannuna ta sa na shafa hanyar, ta ce in faɗi gaskiya, ko a ɗakin uwata na taɓa ganin irin wannan? Ban taɓa gani ba, na kuwa faɗa mata. Ta ce ko kwana aka yi ana ruwa, ɗigo ɗaya ba zai shiga ƙasar nan ba. Da suka sallame ni sai aka ce in zaga ta daji. A zagayen nan jakina ya taka ƙaya, na shiga Tsafe ina jansa yana ɗingishi.

Mutanen Tsafe suna da kirki, amma kirkinsu ya kusa kashe ni. A gidan Baba Jatau ba a yarda baƙo ya faɗi abin da ya kawo shi sai ya sha ruwa, ya sha fura, an kawo tuwo ya ci. Duk lokacin da na buɗe baki sai babban ɗansa ya ce in dai ci tukuna. Furarsu kuma tsululu, a wurinmu da kunya mace za ta ba baƙo irinta. Na shanye don a bar ni in yi magana.

Sai bayan la'asar tsohon ya fito. Ɗan ƙaramin mutum ne, ya rankwafa, hannunsa na dama a cikin riga. Da na miƙa masa hannu sai ya ba ni 'yan yatsu kawai, na ji su laushi kamar na mai jego. Daga baya na ji cewa a gidan ba a barinsa ya ja guga ko ya ɗaga fartanya, ko itace ba ya karyawa, duk don hannun nan. Ya yi ta tambayata: ta wane gefe Nomau ya faɗo, ina yatsun ƙafar suke kallo, fatar ta fashe ko ba ta fashe ba, yana jin taɓi a tafin ƙafa? Da na gama ba shi amsa ya ce za a iya, in an isa da wuri. Sai dai bayansa ba ya ɗaukar jaki yanzu, ko zuwa kasuwa a ƙasa yake lallaɓawa.

Ɗansa ne ya kawo maganar mota. Ya ce akwai wata a bakin kasuwa ɗauke da gishiri, gobe za ta yi yamma, ta Gusau ta Bungudu, kuma ita ce motar kaya ta ƙarshe kafin a rufe hanya saboda damina. Ni ban taɓa shiga mota ba, tsohon ma haka. Amma da na ji tafiyar da ta cinye mini kwanaki za a yi ta kafin azahar, sai na ce ko a bayan kura ce zan hau. Na bar musu jakina su yi masa magani.

Mutum biyu ke da iko da motar nan, kuma daga nan masifar ta fara. Direban wani Bazazzagi ne, Kofur Sale, a soja ya koyi tuƙi, baki gare shi kamar maroƙi, ba ƙasar da bai ce ya je ba. Na biyun Madugu Barmo, tsohon madugu, wanda ya yi shekaru yana kai ayarin jakuna Gwanja. Da fatauci da jakuna ya ja baya sai masu kaya suka riƙa ɗaukarsa rakiyar dukiyarsu a mota. Shi ke zaune a gaba kusa da direba, da carbi da buta, kuma har ran nan bai yarda cewa ba ayari yake ja ba. Mu muna baya a kan buhunan gishiri, mu da wasu fatake. Tsakaninmu da su katako ne kawai, duk abin da suka ce muna ji. Na zaunar da Baba Jatau a gefen dama inda buhu ya yi lauje, ya jingina, na zauna kusa da shi.

Masu tambayar yadda cikin mota yake, ga amsarku. Kofur Sale ya murɗa wani ƙarfe a hancinta, ta yi tari, ta yi atishawa, ta kama rawar ɗari, sannan ta zabura. Daga nan haƙoranka ba su sake haɗuwa daidai ba. Ƙasa tana gudu a ƙarƙashinka, itatuwa suna zuwa suna wucewa, hanjinka yana bugun haƙarƙari. Wani bafatake ya yi amai a kan takalmina tun ba mu bar ganin duwatsun Tsafe ba. Baba Jatau kuwa, abin mamaki, daɗi yake ji, yana ta murmushi yana cewa ashe haka duniya ta koma.

Ba mu yi nisa ba hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, ya biyo bayanmu. Iska ta fara, sai ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Muka ja tamfol muka rufa, shi kuma duk huda ne. Kofur Sale ya rage gudu har ya zama ɗan sauri kaɗan ya fi na mai tafiya a ƙasa. Nan Madugu ya fara.

Kowa ya san dokar ayari, ni ma na san ta. In ruwa ya taso a bayanka kuma akwai rafi a gabanka, ba ka tsayawa, korar dabbobi kake ku ƙetare kafin ruwan tudu ya gangaro ya cika shi. In ka yi sanyin jiki sai ka kwana a wannan gaɓa har ruwa ya janye. A gabanmu kuwa akwai rafin da na ɗebi ruwa a cikinsa, ba gada, duwatsu kawai aka shimfiɗa. Madugu ya ce a kori mota. Kofur Sale ya ce ba a korar mota a cikin ruwa. Madugu ya tambaye shi, shi da aka ce ya je yaƙi, mi yake tsoro?

"Madugu, ƙafar jaki tana huda ruwa ta taka ƙasa," in ji Kofur Sale. "Taya ba haka take ba. In ruwa ya kwanta a hanya kuma ka yi gudu, hawa kan ruwan take yi. Daga nan ko ka juya ta ko ka taka birki, ba ta jin maganarka."

Madugu ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce ƙarfe mai nauyin raƙumi goma ne zai hau kan ruwa? Ya juyo yana gaya wa fataken baya, su ma suka ɗauka, don kowannensu tsoron kwana a daji yake. Aka yi ta yi wa direba ba'a, wai sojan da ke gudun yayyafi. Da ba'a ba ta ci ba sai Madugu ya sauya murya. Ya ce gishirin mutane yana narkewa a ƙarƙashin wannan tsumman tamfol, in ya lalace, shi zai gaya wa masu kaya da bakinsa cewa direba ne ya tsaya yana wasa a hanya. Na ga wuyan Kofur Sale ya sandare. Sai na ji kukan injin ya ƙaru.

Ni a lokacin zuciyata biyu. Ina son sauri fiye da kowa a motar nan, ina kuma kallon tsohon da ke kusa da ni, wanda in wani abu ya same shi duk tafiyata ta tashi a banza. Ina cikin wannan na hango tsamiyar nan ta cikin ruwa, na gane inda muke. Na leƙa ta saman katako. Abin da tsohuwar nan ta faɗa gaskiya ne, ɗigo ɗaya bai shiga ƙasa ba. Bakin dakalin da suka tayar ya tare ruwan gefe da gefe, duk ruwan kwarin ya taru ya kwanta a kan daɓen. Ga shi ja, kalar hanyar, in ba ka sani ba sai ka rantse busasshiyar hanya ce mai kyau.

Ba yaron da ya tashi a gidan Hausa bai taɓa shan ƙasa a kan jiƙaƙƙen daɓe ba. Na buga katako na ce wa Kofur Sale ya tsaya, gabansa daɓe ne, da hannuna na ɗebo ruwan makubarsa. Ya waiwayo yana tambayar daɓen me, don a duk ƙasashen da ya ce ya je ba inda ya ga an yi wa hanya daɓe. Kafin in yi bayani Madugu ya karɓe.

"To ai ta kwana gidan sauƙi," in ji shi. "Daɓe ba ya taɓo, ba mu kahewa. Taka, yaro, ga rafi can."

Ya kuwa taka.

Abin da na fara lura da shi shiru ne. Duk jijjigar nan da ƙarar tsakuwa suka ɗauke lokaci ɗaya, muka tafi sululu kamar kwalekwale. In gaya muku gaskiya, tun da muka bar Tsafe ba inda tafiyar ta yi daɗi kamar nan. Har wani bafatake ya ce madalla da mutanen garin nan. Sai na ga Kofur Sale yana juya sitiyari dama da hagu, abin yana juyuwa a banza, motar ba ta san yana yi ba. Ya miƙe tsaye a kan birki yana salati. Gindin motar ya fara zagayowa a hankali, duwatsun da muka bari a baya sai ga su a gabana, sannan muka tafi a karkace, gefen dama yana gaba, tsamiya tana tahowa.

Duk wanda ya tashi da jaki ya san abin da hannu yake yi in kaya sun karkata: tarewa yake, kafin ma kai ya yi tunani. Baba Jatau, mutumin da shekara da shekaru ba a bar shi ya ɗaga guga ba, ya zaro hannun nan daga cikin riga ya miƙa wa tsamiya, wai zai tallafe mota. Na kai hannu in fizgo shi, ban kai ba. Na ji ƙas, kamar an karya busasshen kara, sannan katakon motar ya daki itacen, muka zube a kan juna.

Ba wanda ya mutu. Kofur Sale ya fasa leɓe, fatake suka ƙuƙƙuje, taya ɗaya ta karkace ta shige ƙasa. Madugu ya fito ko ƙwarzane babu, ya wuce mu ya je yana ɗaga tamfol yana duba gishiri. Baba Jatau yana zaune a cikin ruwa, ya riƙe hannunsa na dama da na hagu, tsintsiyar hannun ta lanƙwashe ta inda ba gaɓa. Bai yi kuka ba. Kallon hannun kawai yake yi kamar na wani ne.

Sai ga mutanen ƙauyen sun fito cikin ruwa, mata a gaba, suna salati. Na ɗauka mu suke tausayi. Ashe daɓensu suke wa kuka, don taya ta farke shi tun daga tsakiya har gindin tsamiya, Bature kuma bai riga ya wuce ba. Dogarin nan ya cafke rigar Kofur Sale, wai sai ya je gaban mai gari ya faɗi dalilin da ya sa ya ɓata hanyar hukuma. Kofur Sale yana tofar da jini yana tambayarsu wane mahaukaci ne ya ce a yi wa hanyar mota ɗakin amarya. Madugu kuma yana gefe yana gaya wa duk mai saurare cewa da an ƙara gudu tun farko da mun wuce wurin kafin ruwa ya taru. Na rantse da a ce hannuna ba ya tallafe da tsohon nan, da na aikata abin da za a kai ni gaban alƙali.

A wata rumfa a bakin hanya Baba Jatau ya sa aka samo kara da tsumma. Ya ce in ja nan, in danna nan, in ɗaure. Na yi, shi yana cije da bakin rigarsa. Da na gama na ce bari in mayar da shi gida Tsafe, don ban ga amfanin ci gaba ba. Ya dube ni ya ce an kira shi wurin mai karaya, kuma bai taɓa juyawa a hanya ba.

Wani Bafulatani mai suna Buba, da ya fake da shanunsa kusa da wurin, shi ya ba mu takarkari, wato san ɗaukar kaya, ya ce tafiyarsa ta fi ta jaki taushi a bayan tsoho. Bai tambayi ko mu su wane ne ba, ya bar garken da 'yan'uwansa ya biyo mu. Muka gangara zuwa rafin da aka yi duk wannan tsere dominsa. Ruwansa bai kai mini gwiwa ba. Na tsaya a tsakiyarsa na yi ta zagin da ban san na iya ba, Buba yana jira a gaɓa har na gama.

Sauran hanyar ba abin faɗi. A hankali muka bi, ana tsayawa tsohon ya huta, zazzaɓi ya kama shi a Gusau muka ƙara kwana. Fatoman nan da muka yi faɗa a kan zana shi ya ba mu ɗakinsa, ya sa aka dama wa tsohon kunu, ban san inda zan sa kunyata ba. Tafiyar da aka ce za a yi kafin azahar ta fi ta zuwana daɗewa.

Da muka shiga gida na tarar cinyar Nomau ta kumbura, ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya ga tsohon da hannu a rataye a wuya, ya dube ni. Baba Jatau ya durƙusa ya bi cinyar da hannun hagu, ya daɗe yana bi. Ya ce ƙashin ya fara kamawa a karkace, dole a ja a raba shi a sake zaunar da shi, kuma wannan aikin hannu biyu ne. Zauren cike yake da maza, maƙwabta da dangi. Ya tambaya wa zai ara masa hannu. Kowa ya sunkuyar da kai, don ba mai son a ce shi ya gurgunta ɗan wani. Ban ga laifinsu ba.

"Bawa," tsohon ya kira sunana, "kai ka ɗaure nawa, na ji hannunka. Matso."

Na ce ni ko kaza ban taɓa ɗorawa ba. Ya ce ya sani.

Maza biyu suka danne kafaɗun Nomau, Buba ya kama ƙafar yana ja yadda aka ce masa. Ni na sa hannuwana a cinyar ƙanena, tsohon ya ɗora hagunsa a kan nawa yana cewa sama kaɗan, ciki kaɗan, danna. Na ji ƙashin yana motsi a ƙarƙashin nama, na ji ƙarar da Nomau ya yi, wadda ba na fatan maƙiyina ya ji daga bakin ɗan'uwansa. Tsohon yana tambayata ko na ji bakin ƙashin ya zauna a kan ɗan'uwansa. Ta ina zan sani? Na ce ina jin ya zauna. Ya sake bi da hagu, sannan ya ce a kawo kara a ɗaure.

Baba Jatau ya zauna a gidanmu, su biyu suna jinya a zaure ɗaya, har lokacin kwance ɗori ya yi. Nasa hannun ya kama, amma yatsun ba sa rufuwa. Ranar da aka kwance na Nomau, gero ya riga ya fitar da kai. Aka miƙe ƙafafunsa biyu a kan tabarma, aka haɗa dugadugan. Ta daman ba ta kai ba, saura kamar faɗin yatsu uku. Na dubi tsohon ko zai ce wani abu, ko da ƙarya ce. Ya mayar da hannunsa cikin riga, ya ce a gode wa Allah.

Nomau ya fara da sanda, yanzu ya ajiye ta. Yana zuwa gona, yana yin abin da ya sawwaƙa. Amma duk taku sai kafaɗarsa ta dama ta nutse ta taso, ni kuwa na kasa daina kallo. Wata safiya muna tafiya gona, 'ya'yansa suna biye, ina bayansa, sai ya tsaya ya jira na iso daidai da shi. Ya yi magana a hankali yadda yaran ba za su ji ba.

"Yaya, ƙafar nan tana takawa. Ka bar kallonta hakanan gaban ɗiyana."

Tun ran nan, in za mu gona, ni nake shiga gaba.